Tuwon Sallah a Legas: Kada A Ci A Watse

'Yan uwana matasa mazauna Legas, a shekara sau nawa gidanku yake cika? Yaya yana gadi a Lekki, ƙane yana sauke kaya a Mile 12, Baba yana Alaba Rago, 'yar uwa tana aure a Idi-Araba. Sai Sallah ake haɗuwa, shi ma bayan an sha cunkoson motoci. Amma da an zauna sai kowa ya sunkuyar da kai kan waya, a cinye waina da miyan taushe, a ce "sai an jima". An ga juna, ba a ji juna ba. Alhali Manzon Allah (SAW) ya yi wa mai sada zumunci bushara da yalwar arziki da tsawon rai, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Hira mai daɗi shirya ta ake yi, kuma shirin naku ne.

Ku fara da lokaci. A Babbar Sallah kada ku sa zaman a ranar yanka, domin ana fama da fiɗa da wankin kayan ciki, mata kuma suna bakin suya har dare. Washegari bayan La'asar ya fi, ta yadda wanda zai koma nesa zai tashi bayan Magariba ba a guje ba. A kammala girki kafin a zauna. Idan Inna tana kai da kawo tsakanin murhu da tabarma, rabin labarin gidan yana can wurin tukunya. Samari su ɗauki kwanuka, su kawo ruwan wanke hannu. A kashe talabijin, in an ɗauke wuta a kai janareta nesa da taga, don dattijo ba zai yi ta ɗaga murya yana gasa da inji ba.

Wayoyi kuwa a tara su cikin faifai na minti 40 kawai. In aka ce duk yini, ba wanda zai yarda. A yi hotuna tun farko a gama. Babban yaya ya fara ajiye tasa, sauran za su bi.

Kada a karya al'adar gida da sunan hira. A gidaje da yawa maza daban suke ci mata daban, suruki ba ya haɗa kwano da surukinsa, uwa tana kunyar ɗan fari. A bar kowa ya ci inda ya saba. In an wanke hannu, an kawo shayi ko zoɓo da soyayyen nama, nan ne wurin haɗuwa. Wanda ya fi dacewa ya buɗe zance shi ne jika, saboda wasan da ke tsakaninsa da kaka. Abin da ɗa ba zai iya tambayar mahaifinsa ba, jika zai tambaya cikin tsokana a ba shi amsa ana dariya. Taubasai ma haka.

Sai tambayar kanta, wadda a nan ne yawancinmu muke kuskure. "Baba, yaya kasuwa?" amsarta "Alhamdulillahi", shi ke nan an rufe. Ku tambayi abin da yake da rana da wuri da mutum a ciki. "Baba, ranar da ka fara isowa Ikko wa ya sauke ka, a ina ka kwana?" "Inna, Sallarki ta farko a nan me kika dafa, kuma ina kika samo kuka da daddawa?" "Kaka, wane ne mutum na farko a danginmu da ya zo Kurmi?" Tun fiye da shekara ɗari da suka wuce layin dogo daga Legas ya isa Kano, kuma fataucin goro da na shanu ya zaunar da Hausawa da yawa a Agege, don haka akwai gidajen da labarinsu a nan ya kai kaka da kakanni. In dattijo ya yi shiru yana tuno abu, ku jira shi. Kada wani ya tsoma baki da "ai mun sha ji". Ƙananan ba su ji ba. Da izininsa, a ciro waya ɗaya a naɗi muryarsa, wani kuma ya rubuta sunayen kakanni da garin asali.

Yaran da aka haifa a nan sau da yawa Yarbanci da Turancin kasuwa sun fi zama a bakinsu. Yaro ya ce "Inna ya zo", kowa ya kwashe da dariya, daga ranar ya daina Hausa a gaban manya. Ku maimaita masa daidai cikin amsarku ku wuce. In akwai matar yaya Bayarabiya, wani ya zauna kusa da ita yana fassara mata, a kuma tambaye ta yadda ake Sallah a gidansu. Mutum biyu kada su koma gefe suna raɗa a bar na uku, an hana mu wannan.

Akwai zancen da ba na bakin kwano ba: rabon gado, bashi, "yaushe za ki kawo miji", "dubi ɗan wane ya gina gida", gardamar Izala da Ɗariƙa, da siyasa. Duk wanda aka tsare da irin wannan a gaban ƙannensa, dole ya kare kansa ko ya tashi, kuma baɗi zai ce aiki ya riƙe shi. In magana ta karkata can, ko aka fara cin naman wanda ba ya nan, kada ku yi wa babba wa'azi a cikin taro. Ku miƙa masa shayi ku ce, "Kawu, ba ka ƙarasa mana labarin jirgin ƙasa ba." Maganar da lallai sai an yi ta, a sa mata rana, mutum biyu ko uku a ɗaki.

Kiran bidiyo ga 'yan uwa na Arewa a bar shi ƙarshe, kira ɗaya kowa ya gaisa, domin in aka fara da shi wayoyi sun dawo hannu ke nan. Kafin a tashi dattijo ya yi addu'a, a ambaci waɗanda suka rasu, a raba nama, sannan a tsayar da gidan da za a haɗu Sallah mai zuwa da wanda zai kira kowa.