Mu a Garwa ma mun yi zamanin P-Square

Na karanta wani labari kan sake ɓaraka tsakanin Peter da Paul Okoye, tagwayen mawaƙan Najeriya da ake kira P-Square, sai na tuna shekarar 2007 da faifansu Game Over ya shigo garinmu Garwa, a arewacin Kamaru. 'Yan kasuwarmu ne ke ɗauko faya-fayan daga Mubi tare da atamfa da batir. Ba mu jin Turanci sosai, mu da Faransanci da Fulatanci muka taso, amma ba bikin da za a tashi ba a saka su ba. Ƙanena har madubin ɗakin Inna ya fasa wajen koyon juyin ƙafar Peter, ya sha bulala ranar.

Abin da marubucin labarin bai taɓo ba shi ne Jos. A can aka haifi tagwayen a 1981, a can suka fara kwaikwayon rawar Michael Jackson tun suna makaranta. Peter ne gwanin taka rawa, Paul kuma ya fi ƙarfi wajen rubuta waƙa da murya. Shi ya sa da suka rabu a 2017, Peter da sunan Mr P, Paul da sunan Rudeboy, kowa ya yi nasa, amma ni dai ban ji wanda ya kamo ƙafar na da ba.

Da suka shirya a Nuwamba 2021 mun ce alhamdu lillahi, an yayyafa wa wutar ruwa. Ashe da sauran rina a kaba. Rigimar kuɗi ce tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya, har da yayansu Jude da ya daɗe yana riƙe musu harka, kuma mu na waje ɓangare ɗaya kawai muke ji kowane lokaci. Faifan nan yana nan a akwatina, duk ya karce.