Ƙiba ba lafiya ba ce ga doki

Wallahi gaskiya kunka rubuta, ƙiba na wahal da doki wurin gudu. Nan Sakkwato sai a ɗaure shi ga turke wata da watanni ana zuba mai gero da dusa babu kilisa, ran hawan Sallah a labta mai sirdi da jalala ƙaton mutum ya haye. Dokin baffana haka munka yi mai bara, ko fada ba mu kai ba ya jiƙe sharkaf yana haki, kitse ya hana zafi fita ga ranar garinga. Da munka dawo kofatan gaba zafi rau yana ɗingishi, har ƙwalla na yi. Likitan dabbobi ya ce mahayi da sirdi kada su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin doki.