Git daban, GitHub daban

Da yawa sun ɗauka Git da GitHub abu ɗaya ne, shi ya sa ba sa ko tunanin akwai zaɓi. Git manhaja ce da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 don adana tarihin gyare-gyaren aiki. GitHub kuwa masauki ne kawai, wato shafin intanet da ake ajiye ayyukan Git, wanda kamfanin Microsoft ya saya a 2018.

Duk wanda ya kwafo aikinku da Git, tarihinsa kaf yana cikin kwamfutarsa, yau ma sai ya kai shi wani masaukin kamar GitLab ko Codeberg. Amma rahotannin matsala da muhawarar da aka tafka kan kowane gyara ba sa cikin kwafin, suna can hannun mai masauki. Kafin ku sauke kaya a wani masauki, ku tabbatar akwai hanyar fitar da rahotannin da muhawarar.