Ɓera ya warke, mu fa?

Watannin baya na raka ɗan ƙanwata ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a, inda yake haɗa aikin kammala digirinsa na biyu. Tun daga ƙofa warin ya tarbe ni. A kan benci akwai keji biyar, kowanne da fararen ɓeraye biyar, an shafa musu alama a wutsiya. Da kuɗin aljihunsa ya saye su, shi ke sayo musu abinci, shi ke kwashe kashinsu, ranar da aka ɗauke wuta kuma shi ke zaryar neman ƙanƙara don kada jinin da ya ɗiba ya lalace. Na ce, "To ɗana, me kake nema a jikin waɗannan bayin Allah?" Ya ce, "Kawu, guba nake ba su wadda ke lalata hanta, sannan in ba wasu tataccen ganyen zogale, in ga ko hantarsu za ta tsira." Hantar kuwa ta tsira, aƙalla a lissafinsa. Ya samu digirinsa, mun ci shinkafa.

Ba a yi sati biyu ba na tsaya a tasha, sai ga mota da lasifika a kanta, mai magani yana ta kwarara bayani: basir, sanyin mara, shawara, ciwon hanta, duk kwalba ɗaya. Abin da ya tsayar da ni shi ne da ya ce, "Likitocin jami'a sun gwada, sun tabbatar!" Ban ce ƙarya tsagwaronta ya yi ba. Wataƙila an gwada ɗin. Abin da bai faɗa ba shi ne a kan wa aka gwada.

Ra'ayina shi ne, gwaji a kan dabba matakin farko ne, amma mu mun mai da shi masauki. Mai bincike yana kaiwa nan sai ya sauke kaya, mai talla kuma ya tsallake duk sauran matakan ya dira a kan majinyaci. Tsakanin su biyun ake cutar talaka.

A duba aikin ɗan ƙanwar tawa da idon basira. Gubar da ya ba ɓerayen, wadda ake kira kabon tetirakulorayid, sinadarin masana'anta ne da masu bincike ke so saboda yana lalata hanta cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma mutumin da ke kwance a asibitin Kano ko Damagaram da kumburarren ciki ba wannan guba ya sha ba. Galibi ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce ta yi shekaru tana cin sa, ko gubar fumfuna da ke kama gyaɗa da masara idan an adana su da danshi. Sannan abin da aka ɗura wa ɓeran ba dafaffen ganye ba ne irin wanda inna ke tafasawa a tukunya. An busar da shi, an niƙa, an jiƙa a sinadarin metanol, an tace, an auna gwargwadon nauyin kowane ɓera. Mai sha da kofin silba safe da yamma wani abu dabam yake sha.

Kada wani ya ɗauka raina itatuwa nake yi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da duniya ta dogara da shi a yau daga wani nau'in tazargade ya fito. A 1967 gwamnatin Chaina ta kafa wani shiri na sirri don neman maganin zazzaɓi, lokacin yaƙin Biyetnam. Wata mai bincike, Tu Youyou, da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗen gargajiya fiye da 2,000. Tazargade ya riƙa ba su sakamako yau fari gobe baƙi, har ta koma wani tsohon rubutu na masanin magani Ge Hong, na ƙarni na 4, ta ga cewa jiƙa ganyen ake yi a matse, ba dafawa ba. Ta fahimci zafi ne ke kashe sinadarin, ta sauya hanyar tatsa. A 1971 samfuri na 191 ya kakkaɓe ƙwayar cutar gaba ɗaya daga jinin ɓeraye. Da a wajenmu ne, nan za a ɗaure kundi a kai ɗakin karatu. Su kuwa suka wuce zuwa birai, suka sha da kansu don su ga ko yana cutarwa, suka gwada a kan majinyata, suka ware sinadarin shi kaɗai. Sai a 2015 ta karɓi kyautar Nobel. Kuma duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a riƙa shan shayin tazargade a madadin ƙwayar maganin ba, domin ƙarfin sinadarin ya bambanta daga gona zuwa gona, kuma shan wanda bai kai ba yana koya wa ƙwayar cutar taurin kai.

Mu ma muna da namu labarin, kuma shi ya fi ci mini rai. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, wato sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila duk shekara. Wani mai maganin gargajiya daga Oyo, Rabaran Paul Ogunyale, ya kai haɗinsa cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja, lokacin shugabancin Farfesa Charles Wambebe. Abubuwa huɗu ne a ciki, uku daga cikinsu duk wata uwargida ta san su: masoro, kanumfari, da karan dafi, wannan jan da dukawa ke rina fata da shi. Na huɗun shi ne icen da Yarbawa ke kira osun. Aka sa masa suna Niprisan.

A nan ne ilimin ƙwayoyin gado na dabbobi ya yi rana. Ɓera ba ya yin sikila, don haka ba yadda za a gwada maganinta a kan ɓeran da aka saya a kasuwa. Sai da masana a Amurka suka dasa wa ɓeraye ƙwayar gadon ɗan Adam mai haddasa cutar, har a 1997 aka samu waɗanda jininsu ke lanƙwashewa kamar lauje, irin na majinyaci. A kan ɓeraye masu ɗauke da wannan gado aka gwada Niprisan a asibitin yara na Filadelfiya, aka rage musu iskar shaƙa, aka ga waɗanda suka sha maganin sun fi jurewa. Sakamakon ya fito a 2003. Kafin nan, a 2001, an riga an wallafa gwajin da aka yi a kan majinyata a Najeriya, inda wasu suka sha maganin, wasu suka sha ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da su ko likitan sun san wa ya sha me ba, aka ga tashin ciwon ya ragu. Wannan shi ake kira bincike. Sai dai kash, an ba kamfanin Xechem lasisi a 2002, Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan a 2006, kamfanin ya durƙushe a 2008, maganin ya ɓace daga kanti, iyayen yara suka koma neman sa kamar ruwa a jallo. Sai a 2018 aka ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin magunguna na May & Baker.

Na san abin da malaman jami'a za su ce, kuma suna da gaskiya a wani ɓangare: gwaji a kan mutane kuɗi ne mai yawa, ɗalibin da ke sayen ɓera da kuɗin aljihunsa ba zai iya ba. Na yarda. Amma rashin kuɗi bai bayyana dalilin da zai sa sashe guda ya shekara goma yana maimaita gwaji iri ɗaya ba, bana zogale, baɗi darbejiya, baɗin baɗaɗa sabara, guba ɗaya, keji biyar, kammalawa ɗaya. Dalilin shi ne ƙarin girma yawan takardu yake ƙirgawa, ba ya tambayar ina takardar ta kai. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: kusan kowane kundi zai ce an yi amfani da ɓerayen Wistar, nau'in da aka fara kiwo a Filadelfiya tun 1906, alhali da yawansu a bayan ɗakin gwaji aka yi ta haɗa su barkatai, ba wanda ya riƙe tarihin zuriyarsu. Idan gadon dabbar bai tabbata ba, wani ya maimaita gwajin a Sakkwato ya samu saɓanin na Zariya, wa za a gaskata?

Abin takaicin ma, aikin da ɓera ya fi iyawa shi ne wanda muka fi sakaci da shi, wato gargaɗi. Tun farkon shekarun 1980 aka nuna a Jamus cewa sinadarin da ke cikin tsirrai dangin duman dutse yana sa wa ɓeraye ciwon kansa. Shekara goma bayan haka, a Beljiyam, wani asibitin rage ƙiba ya ba mata haɗin ganyaye da aka cakuɗa da ɗan wannan dangi bisa kuskure, mata kusan ɗari suka samu ciwon ƙoda, da dama sai da aka yi musu dashe, wasu kuma kansa ta biyo baya. Ɗalibinmu kuwa so yake ya rubuta "yana karewa", domin ya ɗauka "yana cutarwa" ko "bai yi komai ba" faɗuwa ce. Su ma masu saye su sani, lambar NAFDAC da ke jikin yawancin kwalaben gargajiya shaida ce cewa an duba ba ya cutarwa a gwajin farko, ba shaidar yana warkarwa ba ce, hukumar da kanta take sa a rubuta haka a jikin kwalin.

Da ni ake shawara a TETFund, asusun gwamnati mai tallafa wa manyan makarantu, da na ce a rage watsa kuɗi kamar hatsin kaji. A zaɓi tsirrai ƙalilan da shaida ta riga ta taru a kansu, a haɗa masanin sinadarai da likitan asibitin koyarwa da mai maganin da ya kawo haɗin, a rubuta haƙƙinsa tun farko kamar yadda aka sa sunan Ogunyale a takardar mallakar Niprisan, a bi su har gadon majinyaci. A kafa wurin kiwon dabbobin gwaji mai rajista ko da guda ɗaya ne a kowace shiyya.

Ɗan ƙanwata yanzu yana neman gurbin digiri na uku. Da na tambaye shi a kan me, sai ya ce malaminsa ya ba shi shawarar ya gwada ganyen kuka. A kan ɓeraye ashirin da biyar.