Ku je ku kalli labarin gaba ɗaya kafin ku yi wa Star Trek dariya

Haba jama'a, wai guntun bidiyon nan na faɗan Kyaftin Kirk da ƙadangare da ake ta yawo da shi ana sheƙa dariya, shi ne hujjar cewa Star Trek na asali shirme ne? Har wani ya zo ƙarƙashin rubutuna yana cewa wai mutanen da ba su san fim ba ne shi ya sa aka cuce su da wannan. Wallahi raina ya ɓaci, domin kwanan nan na sake bin shirin tun daga farko kuma na san abin da aka yanke aka zubar kafin a miƙo muku guntun.

Eh rigar roba ce mutum ya saka, eh naushin nasa kamar wanda bai karya ba, duk mun gani. To sai me? Shiri ne da tashar NBC ta fara nunawa a Amurka a 1966, kashi 79 kacal aka yi aka tsayar da shi a 1969, wata guda da 'yan kwanaki kafin ɗan Adam ya taka duniyar wata. Ƙofofin jirginsu na sararin samaniya da kuke gani suna buɗe kansu ma'aikata ne a ɓoye suke jan su da hannu, ita kanta na'urar da ke ɓatar da mutum ya bayyana a wata duniya rashin kuɗin nuna saukar jirgi kowane mako ne ya sa aka ƙirƙiro ta. Da abin da suke da shi suka yi aiki, kuma labarin da suka rubuta ya fi ƙarfin kayan aikinsu nesa ba kusa ba.

Wannan kashin sunansa Arena, a 1967 ya fito. Mutanen Gorn, wato jinsin ƙadangaren nan, ne suka far wa wani sansanin 'yan Adam suka karkashe na ciki, Kirk ya bi su da niyyar ya tarwatsa jirginsu kowa ya huta, sai wasu halittu da suka fi su ƙarfi suka tsayar da jiragen biyu suka jefa kyaftin-kyaftin ɗin cikin duwatsu aka ce ku daidaita a tsakaninku. Kirk ba shi da ƙarfin abokin karawarsa, sai ya bi yana tsintar farar wuta da gawayi da wani farin gari ya haɗa albarushi, ya ɗura a gora ya sa duwatsun lu'ulu'u a madadin harsashi, kamar dai bindigar maharbanmu. Ya harba, ƙadangare ya faɗi, ya ɗauki wuƙa ya ɗora masa a wuya, sannan ya fasa. Ya ce ba zai kashe shi ba, don ya gane mai yiwuwa su Gorn ɗin iyakarsu suke karewa, su ne aka shigar wa gida. Ana tsaka da yaƙin Biyetnam fa aka nuna wa Amurkawa wannan a falonsu, jaruminsu yana tunanin ko ɓangarensa ne da laifi. Wannan wurin ne ba a sa muku a bidiyon ba, kuma shi ne labarin.

Kuma ba sau ɗaya suka yi ba. Ku nemi The Devil in the Dark, inda wata halitta ke kashe masu haƙar ma'adinai a ƙarƙashin ƙasa, kowa na neman a halaka ta, ashe uwa ce, ƙwallayen da suke fasawa suna ɗauka duwatsu ne ƙwayayenta ne. Ita ma mutum ne ke rarrafe ƙarƙashin wani tarkace, idan aka yanko muku za ku yi dariya, amma ni sai da jikina ya yi sanyi lokacin da Spock, mataimakin Kirk, ya dafa ta yana ihu da zafin da take ji, likitan jirgin kuma ya liƙe mata rauni da siminti tunda jikinta na dutse ne.

Na san za a ce ai akwai gajerun siket da soyayyar Kirk da ba ta ƙarewa, da kashi irin Spock's Brain da masoya shirin ma ba sa karewa. Akwai su, ban musa ba, zango na uku kam ya yi rauni. Amma wannan bai taɓa maganata ba ko kaɗan. A ɗakin tuƙin jirgin nan ga Uhura baƙar mace jami'a, ga Sulu ɗan asalin Asiya, ga Chekov ɗan Rasha ana tsakiyar yaƙin cacar baki, har Martin Luther King da kansa ya roƙi Nichelle Nichols, wadda ta fito a matsayin Uhura, kar ta bar shirin lokacin da ta yi niyyar tafiya, ita kuma Mae Jemison da ta zama baƙar mace ta farko a sararin samaniya a 1992 ta sha faɗin yadda Uhura ta zaburar da ita. Duk wannan ka tattara ka watsar saboda rigar roba? Don Allah ku je ku kalli kashin daga farko har ƙarshe, minti hamsin ne, sai ku dawo mu yi magana.

Af, wanda ya fi burge ni a wannan kallon ma ba Kirk ba ne ba Spock ba, likita McCoy ne, ga faɗa ga tausayi, shi ne mai tsayawa ya ce a'a in lissafin Spock ya manta da ran mutum. DeForest Kelley ya daɗe yana fitowa a mugu a fina-finan kaboyi kafin a ba shi wannan rawar, ya rasu a 1999, kuma har yau ba a ba shi yabon da ya kamace shi.