Kububuwar da ta sare ni a Tula

Abokina ne ya zuga ni, wai me zai sa in sayi gyaɗa da tsada a kasuwar Gombe, ga ta nan a Tula a hannun manoma. Na ce mu je.

Lafiya lau muka wuce Kumo. Muna barin Billiri wani fasinja ya ɗauko hirar macizan Kaltungo, yadda kububuwa ke lafewa a gona launinta sak na ƙasa, har garin na da asibiti na musamman don saran maciji. Muna sauka a Kaltungo na sayi takalmin roba na gwanjo mai kaiwa gwiwa, na cusa ƙafar wando a ciki, ga babbar riga a sama. Yara har tasha suka rako ni da ido.

Tula a kan dutse take, da garuruwanta Wange da Baule da Yiri. Ɗan acaɓa na murɗa kwana, tumbina na jan mu baya. Can sama iska mai sanyi, gonakin dawa da gyaɗa an tare su da jerin duwatsu hawa-hawa don kada ruwan sama ya kwashe ƙasa. Abokina ya nuna mini tsohon gidan yarin da Turawan mulkin mallaka suka gina. Wallahi ban gan shi ba, idona na ƙasa.

Taku uku na yi cikin gonar, wani abu ya caka mini diddige. Na zube.

"Wayyo Allah, ta sare ni!"

Manoma suka yo kaina da sanduna, wani ya ruga neman babur. Ni kuwa na riƙe hannun abokina na soma wasiyya: wanda nake bi, wanda ke bi na, har kuɗin da na ɓoye cikin tsohuwar rediyo, waɗanda uwargida ba ta san da su ba.

Wani dattijo ya tsuguna ya ce, "Malam, ta ina ta shiga wannan takalmin?"

Na ce, "Baba, ana mutuwa kana tambaya?"

Ya zare takalmin ya zura hannu, ya zaro ƙusa 'yar ƙarama da mai gyara ya manta. Matan da ke roron gyaɗa sai da suka zauna don dariya. Ɗayarsu ta ba ni tiya guda, wai in sha jinya.

Abokina ya rantse ba zai faɗa wa kowa ba. Matarsa kawai ya gaya wa. Kwana biyu na buɗe rediyo, batir kaɗai na tarar.