Kano: A Tambayi Mai Gini Inda Ruwan Samansa Zai Bi

Duk shekara, da zarar hukumar NiMet ta fitar da hasashen damina, sai a ji jami'an gwamnatin Kano a gidajen rediyo suna kira ga jama'a da su yashe magudanan ruwa, su kuma daina zuba shara a cikin lambatu. Kiran yana bisa hanya, kuma ƙungiyoyin aikin gayya na unguwanni suna amsa shi da shebur da baro gwargwadon ikonsu. Sai dai ruwan da ke mamaye titunan Kano a watan Agusta ba toshewar lambatu kaɗai ke jawo shi ba. Yawan ruwan da ke gangarowa kan titi ne ya ƙaru, kuma gine-ginenmu ne suka ƙara shi. Saboda haka nake ganin lokaci ya yi da jihar za ta kafa ƙa'ida bayyananniya wadda za ta ɗora wa duk mai gini alhakin ruwan saman da gininsa ya koro, tun daga ranar da aka haƙa harsashi har bayan an tare a gidan.

Lissafin ba shi da wuya. Ruwan sama na milimita ɗaya, idan ya sauka a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ne. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya kai kimanin murabba'in mita 460, don haka ruwa mai ƙarfi na milimita 50, irin wanda kan iya sauka a dare guda a tsakiyar damina, yana zuba lita dubu 23 a kan wannan fulotin, wato jarka fiye da 900 irin ta 'yan ga-ruwa mai cin lita 25. Sa'ad da wurin yake gona ko fili, ƙasa ce ke shanye mafi yawan wannan ruwa, abin da ya rage kuma ya gangara a hankali. Amma idan aka rufe rabinsa da kwano, aka malale tsakar gida da siminti, aka shimfiɗa intalok a ƙofar gida, kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan zai fito ta rariya cikin 'yan mintoci. Rukunin gidaje mai fuloti 100 zai iya turo wa unguwar da ke ƙasa da shi ruwa sama da lita miliyan 2 a dare ɗaya, alhali lambatun da zai karɓe shi an gina shi ne tun wurin yana gonakin gero. Ko an yashe wannan lambatu ƙal, ba zai iya ɗauka ba.

Tsohon birnin Kano yana da tsarinsa na sarrafa ruwa, ko da yake babu wanda ya zana shi a takarda. Ƙasar da aka gina gidaje da badala da ita an haƙo ta ne daga cikin gari, ramukan da aka bari kuma suka zama kududdufai. Indararo ya zubo ruwa daga soro, ruwan ya bi rariya ya fita lungu, lungun ya kai shi kududdufin unguwa, a nan ya kwanta yana tsuma cikin ƙasa yana ciyar da rijiyoyin da ke kewaye. Sai abin da ya yi saura ne yake malala zuwa Jakara, wadda ta ratsa birnin ta gefen Kasuwar Kurmi ta nufi arewa maso gabas, ta haɗu da Getsi, har zuwa madatsar Wasai a ƙaramar hukumar Minjibir. Kududdufi shi ne ma'ajiyar da ke riƙe ruwa a sa'ar da aka fi tsananin buƙatar a riƙe shi, wato sa'a ɗaya ko biyu na farkon saukarsa.

Waɗannan kududdufai ne aka yi ta cikewa, wasu da shara sannu a hankali, wasu da tifofin ƙasa cikin 'yan makonni, aka yanka su fuloti-fuloti aka gina shaguna da gidaje. Duk wanda ya daɗe yana bin titin BUK ta gefen badala ya ga yadda abin ya faru a kan idonsa. Ruwan da waɗannan ramuka suke riƙewa bai daina sauka ba, wurin kwanciya kawai ya rasa. A watan Agustan 2022 ruwa ya shiga kasuwar Kantin Kwari ya lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi, kuma 'yan kasuwar da hukumomi duka sun ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa, har aka bi wasu aka rushe. A wajen birni kuwa, kwarin Bulbula da Gayawa da ke tsakanin Nassarawa da Ungogo ya nuna ɗaya fuskar matsalar: ruwan da unguwannin sama suka koro da ƙarfi yana zaizaye ƙasa yana cin gidajen mutanen ƙasa, har sai da aka nemi kuɗin shirin ACReSAL na Bankin Duniya domin a tare shi. Rusau bayan ɓarna da aikin biliyoyin naira bayan kwari ya buɗe baki duka sun fi tsada nesa ba kusa ba a kan tambaya guda da za a yi wa mai gini kafin ya aza bulo.

Ɓarnar ma takan fara tun ginin bai tashi ba. Tifa ta zo ta juye yashi a bakin titi, rabinsa a cikin lambatu, tsakuwa ta biyo baya, birkiloli su kwaɓa siminti a kan kwalta. Ruwan farko da zai sauka ya kwashe yashin nan ya cusa shi cikin kwalbatin da ke gaba, inda babu shebur ɗin da zai kai gare shi. Sannan ga gasar ɗaga harsashi. Wanda ya zo gini a baya yakan duba gidan maƙwabcinsa, ya sa a cika masa fili da marmara har dandamalinsa ya ɗara na maƙwabcin da bulo biyu ko uku, na bayansa kuma ya ɗara shi. Ƙarshenta tsohon gidan ƙasa da ya riga kowa zama a layin shi ne yake komawa kwari, kuma mai shi, wanda galibi shi ne mafi ƙarancin hali, shi ke kwana yana kwalfar ruwa da bokiti. Babu wanda ya yi nufin cutar da shi a cikinsu. Kowa kare gidansa yake yi, domin babu ƙa'idar da ta faɗa masa iya tsayin da zai tsaya.

Ba a rasa dokoki a takarda ba. Akwai dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, kuma hukumar kare muhalli ta NESREA ta fitar da ƙa'idoji a 2011 kan harkar gine-gine da kuma kan zaizayar ƙasa da ambaliya. Amma waɗannan na tarayya ne, an fi jin su a manyan ayyuka, kuma babu jami'in Abuja da zai zo ya duba rariyar wani gida a Rijiyar Zaki. Ikon yana hannun jiha. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a 2003, a ƙarar da jihar Legas ta shigar da gwamnatin tarayya, cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Kundin tsarin mulki ya lissafa gina magudanan ruwa da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Ke nan Majalisar Dokokin Kano da hukumar tsara birane ta KNUPDA da ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni ba sa buƙatar jiran kowa. A aikace dai, abin da mai gini ya san za a nema a wurinsa shi ne takardun fili da taswirar gini da tazararsa daga titi da kuɗin izini. Inda ruwansa zai bi, da wanda zai sauka a kansa, ba ya cikin abin da ke hana shi barci.

Wasu ƙasashen sun daɗe da mayar da wannan tambaya sharaɗin izini. A Amurka, duk aikin ginin da zai tone ƙasa eka ɗaya ko fiye sai ya sami izini na musamman tare da rubutaccen shirin hana laka da yashi bin ruwa, kuma garuruwa da yawa sun ƙara da cewa ƙarfin ruwan da zai fita daga fili bayan gini kada ya wuce wanda yake fita kafin a yi ginin. A yankin Wales na Birtaniya, tun daga watan Janairun 2019, ginin da ya kai murabba'in mita 100 sai ƙaramar hukuma ta amince da tsarin magudanar ruwansa kafin a fara aiki. Wanda zai ce waɗannan masu arziki ne, sai ya duba jihar Tamil Nadu ta Indiya, wadda ta wajabta wa kowane gini tanadin tara ruwan sama a 2003, saboda birnin Chennai yana fama da irin ciwonmu: ambaliya da damina, ƙishirwa da rani. Kano ma haka take, domin ruwan da muke korewa a Agusta shi ne wanda rijiyoyi da burtsatse suke rasawa a Afrilu.

Kuma ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa shi ne ginshiƙin da malaman Malikiyya suka gina hukunce-hukuncen maƙwabtaka a kansa, kuma sun yi magana filla-filla kan indararo da mafitar ruwa da haƙƙin gidan da ke gangare. Ibn al-Rami, wani gwanin magini da ya yi aiki da alƙalan Tunis a ƙarni na 14, ya tattara irin waɗannan shari'o'i masu yawa. Mai unguwar da yake sasanta mutum biyu kan indararon da ke zuba a katangar wani, wannan ƙa'idar yake aiki da ita. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa ta daga katanga ɗaya zuwa unguwa guda.

Ƙa'idar da nake nufi dole ta bambanta babba da ƙarami. Mai rukunin gidaje, ko kasuwa, ko gidan mai, ko babban kanti mai faffaɗan wurin ajiye motoci, a wajabta masa kawo lissafin injiniya da ke nuna yawan ruwan da wurin zai koro, ya kuma ware wani yanki na filinsa da zai riƙe ruwan ya sake shi a hankali, kada a ba shi izinin buɗe wurin sai an je an gani da ido. Mai fuloti ɗaya kuwa bai kamata a tura shi neman injiniya ba. Ya ishe shi a ba shi takarda guda da Hausa: ya bar wani kaso na tsakar gidansa babu siminti, ya haɗa bututun rufinsa da tanki ko ramin tsuma ruwa, kada dandamalinsa ya wuce tsayin da aka ƙayyade wa layin, kada kuma ya sauke yashi a cikin lambatu. Ramin tsuma ruwan yana buƙatar lura, domin idan ya kusanci masai zai gurɓata rijiya, idan ya kusanci katangar ƙasa zai jiƙa gindinta. A tsofaffin unguwanni masu cunkoso tanki ya fi dacewa.

Akwai ƙorafi biyu da ban raina su ba. Na farko, kaso mai yawa na sababbin unguwannin Kano filayen awon igiya ne, waɗanda dillalai suka yanka gonaki suka sayar ba tare da an bar hanyar ruwa ba, masu gininsu kuma ba su taɓa taka ofishin tsara birane ba. Dokar da ta tsaya a teburin izini ba za ta taɓa su ba. A nan sai an kama abin tun daga tushe, wato daga mai yanka gonar: dagaci ko mai unguwa kada ya sa hannu a takardar cinikin fili a sabon yanka sai an fitar da hanyar ruwa an kafa mata alama, ƙaramar hukuma kuma ta riƙe kwafin shatar. Na biyu, duk sabon sharaɗi yana iya zama sabuwar ƙofar na-goro. Wannan gaskiya ne, kuma maganinsa shi ne sharaɗin ya zama mai sauƙin aunawa, irin wanda maƙwabci zai iya dubawa da igiyar awo, sannan a ba wanda ruwan wani ya cutar damar kai ƙara ya nemi diyya. Mutumin da ruwa zai shiga ɗakinsa ya fi kowane jami'i sa ido.

Su kuwa kududdufan da suka rage, masu son a cike su suna da hujja: sauro, wari, shara, da yaran da ke nutsewa. Amma kududdufin da aka yashe, aka kewaye shi, aka hana zuba masa ƙazanta, aka yi masa mafita zuwa babbar magudana, ya daina zama wannan haɗarin. Ya kamata hukumar taswirar filaye ta jiha, KANGIS, ta auna duk wanda ya rage, da hanyoyin ruwan da ke shiga cikinsa, a wallafa taswirar kowa ya gani, a kuma sa su a doka cikin wuraren da ko gwamna ba shi da ikon rabawa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi wuya, domin gwamnati ita ce babbar mai gini a Kano, kuma ita ce ta raba da yawa daga cikin filayen da ake kuka da su. Titin Wuju-Wuju da aka fara shimfiɗawa a kan Jakara a zangon mulkin Kwankwaso na biyu, da gadojin sama da hanyoyin ƙarƙashin ƙasa da gwamnatoci suka yi ta ginawa a jere, da intalok ɗin da ake shimfiɗawa a lunguna, duka suna sauya yawan ruwa da hanyar da yake bi. Idan majalisa za ta rubuta wannan doka, sai ta fayyace cewa Ma'aikatar Ayyuka da 'yan kwangilarta su ma za su kawo lissafin ruwansu gaban hukumar tsara birane, a kuma wallafa shi kafin a saki kuɗin aiki.